Ƙwallon Amurka: dokar sakandare daban, ta NFL daban

Assalamu alaikum jama'a. Alhaji, na ga tambayarka tun shekaranjiya, aiki ne ya hana ni zama in amsa a tsanake. Ga waɗanda saƙon ya wuce su: Alhaji ya ce babban ɗansa ya shiga ƙungiyar ƙwallon Amurka ta makarantarsu ta sakandare a Ohio. Shi kuma ya saba kallon NFL, wato babbar gasar ƙwararru, ranar Lahadi, da ya je filin makaranta daren Juma'a sai ya ji alƙalan wasa suna busa abin da bai gane ba. Ya tambayi koci, aka ce masa wai an canja doka. Ga Hajiya kuma hankalinta ya ƙi kwanciya, kullum maganarta a cire yaron kafin a fasa masa kai. To wasa ɗaya ne ko biyu, kuma me aka canja?

Alhaji, kama da wane ba ta wane. Littattafan doka uku ne. NFL na da nata, jami'o'i na bin na hukumar NCAA, makarantun sakandare kuma na bin na NFHS, wato tarayyar hukumomin wasannin sakandare ta jihohi, wadda aka kafa a 1920, hedikwatarta a Indianapolis. Kwamitinta kan zauna a farkon kowace shekara, kuma da wuya kaka ta zo ba a taɓa wani abu ba. Texas ce ta ware, yaranta da dokar jami'a suke wasa tare da 'yan gyare-gyare. Massachusetts ma haka take da, sai a 2019 ta dawo cikin ayari. Saboda haka 'yan uwanmu na Houston da Dallas, rabin abin da zan faɗa bai shafe ku ba.

Bari in sallami ƙananan da sauri. Zango ɗaya a sakandare minti 12 ne, a jami'a da NFL 15. Tsakanin turakun gola a sakandare ƙafa 23 da inci 4, a sama kuwa, wato jami'a da NFL, ƙafa 18 da inci 6, an faɗaɗa wa yara don ƙafarsu ba ta gama nuna ba. Mai cafe ƙwallo a bakin layi, ƙafa ɗaya a cikin fili ta wadatar a sakandare da jami'a, NFL sai biyu. Yaron da ke ɗauke da ƙwallo in gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ko santsi ne ya kwashe shi ba wanda ya taɓa shi, wasa ya tsaya a nan. A NFL tashi zai yi ya ci gaba da gudu. Idan mai tsaro ya riƙe wanda aka jefa wa ƙwallo kafin ta iso, NFL kai ƙwallon take yi har wurin laifin, ko yadi 40 ne, ta ƙara musu sabuwar damar farko, wato a sake ba su dama huɗu na ci gaba da kai hari. A sakandare hukuncin yadi 15 ne kawai, kuma tun 2013 aka cire kyautar damar farko. Ina kyautata zaton wannan na cikin abin da ya sa ka ji kamar an cuci ɗanka.

Inda maganar take da nauyi shi ne bugun buɗe wasa. Ni kan riƙe sarƙar awo a gefen fili a wasannin makarantar unguwarmu, aikin sa kai ne da iyaye ke yi, kuma daga nan mutum yana jin abin da talabijin ba ya kawowa. Yara goma sun taso da gudu daga nesa, wasu goma sun taho tarbarsu, ƙarar haɗuwar hulunan kwano da kafaɗu har cikin haƙoranka. Kowa a harkar ya san babu lokacin da ya kai wannan haɗari. A sakandare daga layin yadi 40 ake bugawa, ba 35 ba kamar a sama, don ƙwallon ta fi saurin kaiwa ƙarshen fili. Da zarar ta tsallaka layin gola, alƙali ya busa, an kashe wasa, a ajiye ta a yadi 20. Yaro ba shi da izinin fitowa da ita da gudu ko da ya ga hanya fetal. Na sha ganin uba ya miƙe a kan benci yana ɗaga hannu yana ihu don an tsayar da ɗansa, alhali dokar ce ta hana a yi masa rubdugu. A 2014 aka ƙara cewa banda mai bugu, ba wanda zai ja baya fiye da yadi 5 don ɗaukar gudu, kuma dole a bar aƙalla mutum huɗu a kowane gefen mai bugun, don kada a tara su wuri guda su afka wa yaro ɗaya. A 2017 aka haramta bugun da ake doka ƙwallo da ƙasa ta yi tsalle sama, wanda ke sa mai jiran ta ya ɗaga kai yana kallon sama ana tahowa kansa.

NFL kuwa wata hanya ta bi. A 2024 ta sake fasalin bugun gaba ɗaya: masu kai hari suna jeruwa a layin yadi 40 na abokan hamayya, kusa da masu tarewa, ba mai motsi sai ƙwallo ta sauka ko an taɓa ta. Su so suke a rage karo amma a ci gaba da gudu da ƙwallo, domin shi ne ke sayar da talla. Sakandare ba ta da wannan damuwar, in gudun ya ragu ba ta yi asarar komai ba.

Sai tarewa. A nan ne na ga mutane da yawa suna zaton kullum daga NFL doka ke gangarowa ƙasa, kuma ba haka ba ne. Akwai wata tarewa da ake yi wa wanda bai ga mai zuwa ba: yaro yana bin mai ƙwallo, idonsa na can, wani ya zo ta gefe ya ɗauke shi da kafaɗa. Da can irin wannan ne ake maimaitawa a bidiyo ana shewa. NFHS ta haramta shi a 2017, sai dai in da buɗaɗɗun tafin hannu aka fara turawa. Jami'o'i da NFL sai a 2019 suka yi tasu dokar mai kama da ita. Haka tarewa ta ƙasa da ƙugu, wadda ke cin gwiwoyi. A sakandare ba a yarda da ita ba sai a wani ɗan akwati a tsakiyar layi, yadi 4 dama, 4 hagu, 3 gaba, 3 baya daga inda ƙwallo take, kuma tsakanin 'yan layin gaba kaɗai. A 2016 aka hana dukan ƙafafu ta baya ko a cikin akwatin. A 2021 aka ƙara matsewa, sai in tarewar ce motsin farko da yaro ya yi da tashin ƙwallo. In ya ɗan miƙe ya jira sannan ya nutsa ƙasa, tuta rawaya ce ta laifi da hukuncin yadi 15.

Abin da ya gangaro daga sama shi ma yana nan. Fizgo mai gudu ta wuyan riga daga baya, NFL ta hana a 2005, jami'o'i a 2008, sakandare a 2009. Agogon daƙiƙa 40 tsakanin tsayawar ƙwallo da sake tashinta, jami'o'i sun ɗauka a 2008, sakandare sai 2019. Kafin nan daƙiƙa 25 ne daga lokacin da alƙali ya ba da alama, to in ka samu alƙali mai nawa wasa ya ja, in mai hanzari ne yara su yi ta haki. A 2022 kuma aka ba mai jefa ƙwallo damar da takwarorinsa na sama suka daɗe da samu: in ya fice daga tsakiya ana bin sa, yana iya jefar da ƙwallon, muddin ta kai layin da aka taso. Da laifi ne, shi ya sa yaro kan rungume ta har a danne shi. A ganina wannan gyaran ya yi latti ƙwarai.

Yanzu maganar Hajiya, domin ita ce mai gaskiyar tambaya. Tsoronta ba na banza ba ne. A 1968 mutum 36 suka mutu a Amurka sanadin rauni kai tsaye a wannan wasa, akasarinsu 'yan sakandare, saboda a lokacin koya wa yara ake yi su sa kai a gaba su soki abokin karawa. A 1976 aka haramta tarewa da kayarwa da kai a sakandare da jami'a, a 1980 kuma aka wajabta wa 'yan sakandare hular da ta cika ma'aunin inganci. Mace-mace da karyewar wuya suka ragu sosai. Abin da ya saura, wanda hula ba ta maganinsa, shi ne girgizar ƙwaƙwalwa. A 2006 wani yaro ɗan shekara 13 a jihar Washington, Zackery Lystedt, ya bugu a kai, aka mayar da shi wasa a ranar, ya faɗi, ya samu naƙasa ta dindindin. Dokar da jihar ta yi da sunansa a 2009 ita ce sauran jihohi suka kwaikwaya, zuwa 2014 duka 50 sun yi irinta. NFHS ma a 2010 ta gyara littafinta. Da sai yaro ya suma ake tilasta fitar da shi. Yanzu ko jiri, ko ciwon kai, ko ya tashi yana tangaɗi, alƙali zai fitar da shi, kuma ba ya dawowa sai ma'aikacin lafiya ya amince. A Ohio ba ya komawa a ranar ko wa ya roƙa, bayan ranar ma sai da takardar izini. Tun 2012 kuma in hular yaro ta fita ana cikin wasa, sai ya fita ya huta na tashin ƙwallo ɗaya a gyara masa ita.

To amma kada in yi maka daɗin baki. A takarda dokar sakandare ta fi ta sama tsauri a wurare da dama, a wajen zartarwa kuwa ta fi rauni nesa ba kusa ba. Ɗauki laifin auna kai ko wuyan abokin karawa da gangan. A jami'a tun 2013 korar ɗan wasa ake yi, a duba bidiyo a tabbatar. A sakandare an shigar da laifin a 2014, amma yadi 15 ne, ba kora sai alƙali ya ga abin ya yi muni. Bidiyo kuwa sai a 2019 aka ba jihohi zaɓin amfani da shi, shi ma a wasannin neman kofi kaɗai. Wasan NFL alƙalai bakwai ne a fili, ga kyamarori ta ko'ina, ga likitan ƙwaƙwalwa mai zaman kansa a gefe, ga wani a sama da zai iya tsayar da wasa in ya hango wanda ya bugu. Wasan ɗanka galibi alƙalai biyar ne, mutanen da suka taso daga wurin aikinsu na yini suka sa riga mai zane. Abin da idonsu bai gani ba ya wuce. Binciken da aka yi a faɗin ƙasar ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na makarantun sakandare ba su da ƙwararren mai kula da raunin 'yan wasa ko na wucin gadi. Dokar fitar da yaro tana aiki ne in akwai wanda ya lura, kuma yaran nan ɓoyewa suke yi don kada a ajiye su a benci.

Akwai abubuwan da littafin ya bar wa kowace jiha. In an tashi kunnen doki, shawarar NFHS ita ce kowane ɓangare ya fara daga yadi 10, tsarin da Kansas ta fito da shi a 1971, wasu jihohin sun matsar zuwa 20 ko 25, jami'a 25 take. In an yi wa wata ƙungiya fintinkau, a Ohio da tazara ta kai maki 30 bayan hutun rabin lokaci sai a bar agogo ya yi ta tafiya, a gama a tashi. NFL ba ta san wannan tausayin ba. Yawan karo a atisaye ma jiha ce ke yankewa. A 2014 wani kwamitin NFHS ya ba da shawarar kada karo na sosai ya wuce kwana biyu zuwa uku a mako, kada ya haura minti 30 a yini. Wannan ya fi mini yawancin dokokin daren Juma'a muhimmanci, don kwanakin atisaye sun ninka na wasa.

Da ni ne kai, Alhaji, ba zan cire shi don abin da na gani a talabijin ba, ba kuma zan bar shi don koci ya ce an canja doka ba. Ku je makarantar kai da Hajiya, ku nemi daraktan wasanni. Ku tambaye shi ko mai kula da rauni yana zuwa atisaye kullum ko ranar wasa kaɗai, yaushe aka kai hulunan aka sake duba ingancinsu, minti nawa ake karo a mako, kuma wa ke sa hannu kafin yaron da ya bugu ya dawo. Ku tambayi tsarinsu na zafin watan Agusta, domin shi ma yana kisa. Ka kuma faɗa mana a wane matsayi aka sa yaron, don haɗarin ɗan layin gaba daban yake da na mai cafe ƙwallo, sai in san abin da zan ƙara maka.