Gwajin maƙoƙo a ɗakunan gwaji masu zaman kansu na Kano: aikin yana kyau, tambayar ce babu

Duk wanda likita ya rubuta wa gwajin tayirod, wato 'yar tsokar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, ba zai sha wahalar neman wurin yi ba. Ɗakunan gwaji sun yi yawa a kan titin Zariya, kusa da Asibitin Malam Aminu Kano. Ɗibar jinin ba ta cin minti 5, kuma ba sai mutum ya zo da yunwa ba.

Abin da ake aunawa a jinin sinadarai uku ne: TSH, T4 da T3. T4 da T3 tayirod ce ke samar da su. TSH ba daga wuya yake fitowa ba, wata ƙaramar tsoka ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fituwitari, ke aiko shi ya zaburar da tayirod. Shi ya sa lissafin yake a juye: in aikin tayirod ya ragu, TSH ƙaruwa yake yi. A babban mutum yakan tsaya tsakanin 0.4 da 4.0. In ya haura kuma T4 ya faɗi, tayirod ta yi kasala, likitoci suna cewa haipotayirod: jin sanyi, ƙiba, bushewar fata, nauyin jiki. In TSH ya yi ƙasa sosai T4 ya hau, aikinta ne ya wuce kima, haipatayirod ke nan: bugun zuciya, rama duk da ci, rawar hannu, wani lokaci idanu su firfito.

Inda wuraren nan suka gaza shi ne kafin a soka allura. Da wuya mai ɗibar jini ya ce, "Hajiya, wane magani kike sha?" Alhali ƙwayar biotin da mata ke sha don gashi tana iya nuna TSH ƙasa, T4 sama, a ɗora wa mai lafiya cutar da ba ta da ita. A dakatar da ita aƙalla kwana 2 kafin gwaji. Mai juna biyu da mai shan ƙwayar tazarar haihuwa su nemi T4 mai alamar "free", domin ɗaya nau'in, mai alamar "total", yana hawa a jikinsu ko da lafiya lau. Mai shan levothyroxine, maganin kasalar tayirod, ya bari sai an ɗebi jini sannan ya sha na ranar, kuma in an canja masa adadi, sake gwaji kafin mako 6 asarar kuɗi ne kawai.

Ku tambaya ko a nan suke aikin ko aikawa suke yi, sannan ko firijinsu yana da sola. Sinadaran gwajin suna son sanyin digiri 2 zuwa 8, ga kuma halin wutar Kano da zafin Afrilu.

Wani abu kuma: sakamako mai kyau bai wanke kumburin wuya ba. Maƙoƙo da yawa TSH ɗinsu daidai yake, sai hoton sikanin ne ke nuna ko akwai ƙullutu a ciki. Takardar a mayar wa likitan da ya rubuta ta, kada a kai wa mai kemis.