Gidan da ba a sa a kasuwa ba da gidan da ke hannun dillalai: wanne za a saya, nawa za a taya?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya yi tambaya a kan gida a unguwarsu a Kano, wanda mai shi ya rasu, magada ba su ba dillalai ba, amma babban ɗan ya shaida masa cewa idan aka yi tayi mai kyau za su sallama. Dillali kuma ya nuna masa wani gidan mai kama da shi a bayan layi. Yana son ya san wanne ya fi, da yadda zai gane tayin da babu cuta a cikinsa.

Malam, gidan da ke hannun dillalai kasuwa ta riga ta yi maka aiki biyu a kansa. Mutane sun shiga sun gani, sun taya an ce musu albarka, har farashin ya matso kusa da gaskiyarsa. Sannan labarin sayarwar ya bazu, duk mai haƙƙi a cikin gidan ko mai bin bashi ya ji, kuma da akwai rigima da wuya ta ɓuya. Abin da za ka biya a kan haka shi ne la'ada, da haƙuri da dillalan da kowannensu yake ɗora nasa a kan kuɗin mai gida, da matsin nan na cewa akwai wanda zai kawo kuɗi gobe.

Gidan magadan ba shi da wannan hayaniya. Babu mai taya shi tare da kai, kana da lokacin dubawa a tsanake, za ka zauna da masu shi ido da ido, kuma mai yiwuwa su yarda ka biya kashi biyu. Sai dai aikin nan biyu da kasuwa take yi ya dawo wuyanka, kuma na biyun ya fi nauyi, domin babban ɗa ba shi kaɗai ne mai gidan ba. Matar mamacin tana da tumuninta, 'ya'ya mata da ke gidajen aurensu suna da rabonsu, idan kuma akwai ƙananan marayu to kasonsu ba a taɓa shi sai da sanin alƙali. Idan ma kason babban ɗan kawai ka saya alhali ba a raba gado ba, a mazhabar Malikiyya sauran abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shufu'a, wato su mayar maka da kuɗinka su karɓi kason. Saboda haka abu na farko da za ka nema shi ne takardar rabon gado daga kotu, ko kuma zama guda da dukkan magada a gaban shaidu.

Binciken takardu bai bambanta tsakanin gidajen biyu ba. Idan awon gwamnati ne, ka kai lambar takardar mallaka hukumar KANGIS, mai ajiye bayanan filayen jihar Kano, a duba sunan da ke kanta da ko an jinginar da ita a banki, ka kuma tuna cewa Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sharɗanta amincewar gwamna kafin a mayar da ita sunanka. Idan awon igiya ne, wato filin da ba gwamnati ce ta yanka ba, ka bi takardun ciniki daga hannu zuwa hannu, ka tambayi mai unguwa da dattawan layin.

Shi kuwa tayi, ka raba fili da gini. Darajar fili ana gane ta daga gidaje ko filaye masu irin girmansa da aka sayar a unguwar cikin 'yan watannin nan, kuma abin da za ka tambaya shi ne nawa aka sallama, ba nawa aka sa musu ba. Cinikin da aka yi kafin faɗuwar darajar naira a 2023 ba ma'auni ba ne a yau. Gini kuma ka je da magini amintacce: ya dubi gindin bango inda danshi yake cin filasta tana ɓarewa, ya ɗaga kai ya dubi tabon yoyo a silin, ya leƙa masai da kwatar gidan, kai kuma ka tambayi maƙwabta yadda ruwa yake kwanciya a layin a watan Agusta. Abin da gyara zai ci sai a cire shi daga lissafi. Idan kuɗin yana da yawa, ladan ƙwararren mai ƙiyasta kadara wanda yake da rajista ba asara ba ne.

Ra'ayina shi ne kada ka sa ran araha don kawai gidan bai shiga kasuwa ba. Tayi na adalci shi ne wanda da magadan za su kai gidan ga dillalai gobe, kusan abin da za su samu ke nan. Rarar da ke tsakaninku ita ce la'adar da ba a biya ba, kuma ya dace ku amfana da ita ku duka. Karya farashi saboda an san iyalin suna cikin buƙata ko ba su san kasuwa ba, cin haƙƙi ne, ga shi kuma da 'yan'uwansu za ka zauna a layi ɗaya.

Idan dukkan magada sun hallara sun sa hannu, gidansu na fi so maka, domin ka san unguwar, ka san tarihin gidan. Idan aka fara ce maka wance tana nesa amma ta yarda, ko a bar maganar kotu sai daga baya, to ka koma wa na dillalin ko da ya fi tsada. Ko kafin alƙalami kada ka ba mutum ɗaya a hannu. Ka tura ta banki zuwa asusun da magadan suka amince da shi a rubuce.