Sharhi Kan Bawuloli da Na'urorin Juya Su a Kamfanin Casar Shinkafa a Gombe

Kuɗin da kamfanin casar shinkafa ke kashewa kan bawuloli, wato na'urorin da ke buɗe ko rufe hanyar ruwa da tururi a bututu, bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta shi da kuɗin tukunyar tururi ko na injin casa, amma bawul guda ɗaya da ya ƙi rufuwa ya isa ya tsayar da aikin yini guda cur. Ni ne ke kula da sashen turara shinkafa a wani matsakaicin kamfani da ke kan hanyar Gombe zuwa Dadin Kowa, inda muka sauya yawancin bawulolin layin ruwa da na tururi, muka kuma ɗora wa wasunsu na'urar da ke buɗe su da rufe su ba tare da hannun mutum ba, wadda masu sana'a ke kira akcuweta. Yanzu da kayan suka ga damina, suka ga hunturu, suka kuma sha zafin bazara, ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi wanda ya biya kuɗinsa da wanda bai biya ba.

Layuka uku ne a wurinmu, kuma abin da ke gudana a cikin kowannensu shi ne ya raba hukuncina. Akwai ruwan sanyi da ke fitowa daga rijiyar burtsatse zuwa tanki. Akwai ruwan jiƙo, wanda ake dafa shi zuwa digiri 60 ko 70 domin jiƙa shanshera na wasu sa'o'i, kuma idan aka zo zubar da shi yakan fito da yashi da ƙaiƙayi. Sai kuma tururi daga tukunyar da muke hurawa da ɓuntu, wanda matsinsa, a ma'aunin matsi da ake kira bar, ke kaiwa tsakanin bar 7 da bar 10. Tururin da ke kan bar 7 zafinsa ya kai kimanin digiri 170, na bar 10 kuwa kimanin digiri 184, kuma waɗannan lambobi biyu su ne ya kamata mai saye ya riƙe a kansa kafin ya tambayi farashin komai.

Bawul mai faifai, wanda ake kira batafilai, shi ne ya fi burge ni a layin ruwa. Mun sayi masu inci 4 da inci 6, jikinsu baƙin ƙarfe, faifan na ƙarfen da ba ya tsatsa mai lambar CF8, sannan robar da faifan ke zama a kai irin EPDM ce. Ba su da nauyi, ba su cin wuri, ana matse su ne tsakanin bakunan bututu biyu, kuma farashinsu bai kai na sauran ire-iren masu girman nan ba ko kusa. A ruwan sanyi har yau ba su ɗiga ba. A layin zubar da ruwan jiƙo ma sun yi ƙoƙari, sai dai yashi yana cin robar a hankali, don haka wanda zai saye su domin wannan aiki ya haɗa da robar canji tun daga farko. Iyakarsu ita ce zafi, domin EPDM ba ta jure abin da ya wuce kimanin digiri 120, kuma ba ta shiri da mai ko kaɗan. Ɗan kwangilar da ya fara haɗa kamfanin ya sa irin wannan bawul a wani reshen tururi, kuma da muka kwance shi mun tarar robar ta ƙame, ta tsattsage kamar ƙasan tafki a bazara, har ana ɓalle ta da farce. Bawul ɗin bai yi laifi ba, wurin da aka ajiye shi ne ba nasa ba.

Bawul mai ƙwallo na tagulla, irin wanda ya cika shagunan kayan famfo, shi ne ya fi yaudarar mutane. A jikinsa za a ga an rubuta 600 WOG, sai mai shago ya ce ai wannan yana ɗaukar matsi mai yawa. Gaskiya ne yana ɗaukar psi 600, wato kimanin bar 41, amma na ruwa da mai da iskar gas marasa zafi. Ma'aunin tururi daban yake, ana rubuta shi da WSP, kuma a yawancinsu bai wuce psi 150 ba, wasu ma ba su da shi sam. Mun bar na tagulla a ƙananan layukan ruwa da na iska, inda suke aiki lafiya. A bakin tankunan turara kuwa mun sa masu ƙwallo na ƙarfen da ba ya tsatsa, masu gida uku, da mazaunin ƙwallo na PTFE, wata roba mai jure zafi, wanda aka ƙarfafa. Abin da na fi so a tare da su shi ne ana kwance ƙusoshi a zare tsakiyar a canza mazaunin, ba tare da an yanka bututu ko an kira mai walda ba. Sun fi tsada nesa ba kusa ba, amma zan sake sayensu.

Inda muka fi shan wahala da ma'aikata shi ne bawul mai ƙofa, wato get. An yi shi ne domin a buɗe shi gaba ɗaya ko a rufe shi gaba ɗaya, amma mai kula da tanki idan yana son rage tururi sai ya bar shi rabi da rabi, tururin da ke wucewa da gudu ya riƙa sassaƙe bakin ƙofar har ya yi mata tsagi, daga nan kuma ko an ɗaure shi da makulli ba zai sake rufuwa ruf ba. Faɗa bai magance wannan ba. Abin da ya magance shi shi ne sa bawul gulob a duk inda ake buƙatar ragewa da ƙarawa, domin shi an ƙera shi ne don haka, ko da yake yana rage matsi fiye da get, kuma dole a bi kibiyar da ke jikinsa wajen ɗaurawa.  A babban layi mun sa ɗaya na kamfanin Spirax Sarco na Ingila tare da tarkunansu na fitar da ruwan da tururi ke bari a bututu, kuma tun da aka sa su ƙarar bugun da muke ji da asuba idan an buɗe tururi ta ragu ƙwarai. A nan ina jan hankalin mai saye cewa manyan sunaye ne aka fi yi wa jabu, saboda haka ya nemi takardar gwajin kayan, ya kuma duba ko lambobin da aka zuba a jikin ƙarfen sun dace da na takardar.

Wani abu da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne batun bakin haɗi. Kayan da suka bi ma'aunin Turai ana rubuta musu PN, kamar PN16, waɗanda suka bi na Amurka kuma Class 150, kuma ramukan ƙusoshinsu ba su haɗuwa. Wani dillali a Kano ya turo mana bawul mai inci 3 na ma'aunin Amurka alhali mun rubuta masa DN80 PN16, wato mai wannan girman amma na ma'aunin Turai. Bakin bututunmu ramuka 8 gare shi a da'ira mai faɗin milimita 160, nasa kuwa ramuka 4 ne a da'ira mai milimita 152 da ɗoriya. Mai waldarmu ya juya shi, ya auna, sannan ya ce, "Injiniya, ka bar ni in huda masa sababbi, kafin la'asar mun gama." Na ce masa, "Malam, a layin ruwa da sai in yi shawara, amma tururi ba a yi masa dabara." Mun mayar da shi, aka yi ta jan magana kan kuɗin mota kafin a turo daidai.

Batun akcuweta shi ne ya fi cin kuɗi, shi ne kuma ya fi buƙatar tunani. Tambayar da na fara yi kan kowane bawul ita ce: idan aka ɗauke wuta a tsakiyar aiki, a wane hali nake son in same shi? A garin da ake iya ɗauke wuta ba sallama, a kuma ɗauki ɗan lokaci kafin janareta ya karɓa, wannan tambaya ta fi ta farashi muhimmanci. A bakin tururi amsar ita ce a rufe, domin shinkafar da ta wuce lokacinta a tururi takan yi duhu, darajarta ta faɗi a kasuwa, ban da haɗarin da ke kan wanda ke tsaye kusa. Saboda haka muka zaɓi akcuweta mai aiki da iska, irin mai sifirin a ciki. Iska ce ke buɗe bawul ɗin, da zarar wuta ta yanke ko iska ta ƙare sai sifirin ya mayar da shi a rufe cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Akwai irin da iska ce ke buɗewa ta kuma rufe, ya fi araha kuma ya fi ƙanƙanta, amma ba shi da wannan kariya, don haka ban yarda da shi a tururi ba.

Akcuweta masu iskar sun yi abin da aka saye su dominsa, amma suna da ɗawainiya. Suna buƙatar iska mai tsabta a kan kimanin bar 6, kuma iskar Gombe ba ta zuwa da tsabta. A damina tankin kwamfireso yakan tara ruwa, a hunturu kuma ƙura ce ke shiga, dukansu biyun kuwa suna ƙarewa ne a cikin ɗan ƙaramin bawul mai maganaɗisu da ke ba akcuweta iska, sai ya maƙale. Sai da muka sa matatar iska mai daidaita matsi kusa da kowane rukuni, muka kuma mai da zubar da ruwan tanki aikin kowace safiya, sannan muka samu lafiya. Ƙananan bawulolin maganaɗisu marasa suna da suka zo tare da kayan, masu aiki da wutar volt 220, naɗin wayarsu ya riƙa ƙonewa duk lokacin da wuta ta yi sama da ƙasa. Mun maye gurbinsu da na Festo masu aiki da volt 24, kuma daga nan wannan matsala ta kau.

Sai kuma girman akcuweta ɗin kansa. Dillali yakan duba ƙarfin juyin da aka rubuta wa bawul ya ba da akcuweta mai daidai wannan ƙarfi, domin farashinsa ya yi daɗin ji. Bawul ɗin da ya kwana biyu ba a taɓa shi ba, ko wanda datti ya kama, yana buƙatar fiye da abin da ke takarda, shi ya sa ake ƙara kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari a kai, a ruwan jiƙo ma na fi son a wuce haka. A mai sifirin kuma dole a duba ƙarfin da sifirin ke da shi a ƙarshen tafiyarsa, domin nan ne ya fi rauni, nan ne kuma bawul ke buƙatar a matse shi. Ya kamata mai saye ya tabbata kan bawul ɗin da gindin akcuweta duka sun bi ma'aunin ISO 5211, lambarsu kuma ɗaya ce, kamar F05 ko F07, in ba haka ba sai an je wurin mai injin sassaƙa ƙarfe an ƙera mahaɗi.

Akcuweta mai lantarki guda biyu kawai muka saya, duka a layin ruwan sanyi da ke can bayan fili, inda jan bututun iska zai zama ɓarnar kuɗi. Suna da nawa, sukan ɗauki daƙiƙa 20 ko fiye kafin su gama juyi, amma a dogon layin ruwa wannan nawar alheri ce, domin rufewa farat ɗaya ita ke haifar da bugun ruwa da ke fasa mahaɗai. Aibinsu shi ne idan wuta ta yanke sukan tsaya a inda suke, saboda haka kada a sayi wanda ba shi da abin juyawa da hannu. An rubuta musu IP67, alamar cewa ƙura da ruwa ba sa shigarsu, amma ɗaya ya sha ruwa a damina ta wurin shigar waya, wanda mai haɗa wutar bai matse ba. Mun yi musu rumfa saboda rana, tun da zafin watan Maris da Afrilu a nan yakan haura digiri 40. Manyan sunaye irin su Rotork na Ingila da AUMA na Jamus na manyan tashoshin ruwa da na mai ne, kuma ƙaramin kamfani irin namu ba ya buƙatar kai kansa can domin bawul mai inci 4.

Bawul ɗin kariya da ke kan tukunyar tururi, wanda ke sakin tururi da kansa idan matsi ya yi yawa, ban sa shi cikin lissafin neman sauƙi ba, kuma na shaida wa mai kamfanin haka tun ranar da muka zauna kan kasafi. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a rage ko'ina amma ban da nan," shi kuwa Alhaji bai ja ba. Dole matsin da aka saita shi a kai kada ya wuce abin da tukunyar ke iya ɗauka, kada a sa wani bawul tsakaninsa da tukunya, kuma kada wani ya ɗaure shi don yana huci. Haka ma bawul mai hana ruwa komawa baya da ke gaban famfon tukunya, wanda ƙarami ne amma idan ya saki sai ruwan zafi ya koma ya lalata famfon.

Kayan gyara ne babban rauninmu a Gombe. Bawulolin tagulla da ƙananan get ana samunsu a cikin gari, amma robar batafilai, mazaunin PTFE, zoben robar akcuweta da naɗin maganaɗisu sai an aika Kano ko Legas, kuma a lokacin kaka, sa'ad da manoman Dadin Kowa da Balanga ke sauke shanshera a ƙofar kamfani, jiran mota daga Legas asara ce. Yanzu duk bawul ɗin da za mu saya sai dillali ya haɗa mana da kayan gyaransa a cikin farashi guda, wanda ya ce ba shi da su kuwa mukan nemi wani.