Wata takwas ina fitar da takardar oda da Microsoft Access

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke riƙe lissafin sito a shagon kayan gini na yayana a Ƙofar Ruwa, da can a littafi mai kabon muke rubuta LPO, wato takardar odar sayen kaya da ake ba dila, daga baya na koma Excel, kowace oda da fayil ɗinta, ranar da Yaya ya tambaye ni rodi nawa muka ɗauko wajen wani dila a watan azumi sai da na wuni ina buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya, la'asar ta yi ban gama ba. Wannan ne ya tura ni Access, manhajar Microsoft ta adana bayanai.

Gaskiya satin farko ya ba ni wuya, don ba kamar Excel ba ne da za ka buɗe ka hau rubutu, dole ka zauna ka raba tebur tukuna, na diloli daban, na kaya daban, na oda daban, sai kuma na layukan kayan da ke cikin kowace oda, ka ɗaure su da juna. Amma da zarar ka yi haka fom ɗin sai ya zo da daɗi, sama sunan dila da kwanan wata da lambar oda, ƙasa kuma ƙaramin fom a ciki kana jero siminti buhu 200, kwano bandir 15, ƙusa katan 4. Sunan kaya zaɓa ake yi daga jeri, don haka an daina samun yaro ya rubuta siminti yau gobe sumunti lissafi ya rabu biyu.

Inda nake so ku kula sosai shi ne farashi. Da farko na bar fom yana ɗauko farashi kai tsaye daga teburin kaya, to da siminti ya tashi na canja kuɗinsa, da na sake buga wata tsohuwar oda sai ga ta da sabon farashi, jimillar ta saɓa da takardar da ke hannun dila, wallahi ranar raina ya ɓaci don kamar ni na taɓa lissafin. Gyaran shi ne kowane layin oda ya ajiye farashinsa na ranar da aka rubuta shi. Haka harajin VAT, kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, amma shi ma a jikin odar nake ajiye shi saboda da kashi 5 ne, kuma zai iya sake canjawa. Lambar LPO ma kar ka dogara da AutoNumber, wato lambar da Access ke ba kowace oda da kansa, in ka fara rubutu ka fasa lambar ta tafi ke nan, mai duba lissafi kuma zai tambayi ina ta 47 ta shiga.

Ɓangaren rahoto shi ya fi burge ni. Report Wizard, wato mataimakin haɗa rahoto na cikin Access, ya fitar min da gangar jikin takardar odar, na sa tambarin shago a sama, jimilla da wurin sa hannu a ƙasa, na saita takarda A4 don in ka bar ta a Letter gefe yana yankewa a firinta. Yanzu ina mayar da ita PDF in tura wa dila ta WhatsApp kafin mota ta isa, kuma a ƙarshen wata rahoto ɗaya ke nuna abin da muka saya wajen kowa.

Sai dai a Windows kawai yake aiki, babu na waya babu na Mac, kuma fayil ba ya wuce 2GB, ko da yake namu ko kusa bai je ba. Duk Juma'a ina danna Compact and Repair, wato maɓallin da ke matse fayil ya gyara shi, in kwafe fayil ɗin a filashi saboda ɗauke wuta. Kwamfutar sito kuma Access Runtime na sa mata, wato nau'in Access na amfani da abin da aka riga aka tsara kawai, kyauta ne, yaran suna cike fom amma ba su iya taɓa tsarin ba.