Yafi ko Layi: Wanne Ya Fi Rage Ciyawa a Gonar Alkama?

Wani ɗan'uwanmu da ke noman rani a Bakolori, kusa da Talata Mafara, ya tambaya: gonarsa da ta maƙwabcinsa ruwa ɗaya suke sha, irinsu ɗaya, amma shi da ya yi yafi ciyawa ta cinye masa alkama, wanda ya shuka a layi kuwa gonarsa fes. Shin layin ne sirrin?

Malam, layin yana da hannu a ciki, amma ba shi kaɗai ba ne.

Yafi yana da sauƙi ranar shuka, mutum ɗaya zai gama fangali da yawa kafin azahar. Sai dai irin ba ya sauka daidai. Nan ya cunkushe, can fili, kuma duk inda rana ta taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa ciyawa ce za ta riga fitowa. Wani irin yana kwance a sama, tsuntsu ya tsince. Babbar wahalar tana zuwa ne a mako na 3: kalme ba ya shiga, sai cira da hannu, a tsugune. Ga shi harkiya da alkama suna kama da juna tun suna ƙanana, ɗan ƙwadago ya tumɓuke alkamar ya bar ciyawar.

Layi yana cin lokaci da kuɗin aiki tun farko, wannan gaskiya ne. Amma idan tazarar ta kai kamar santimita 20, duk abin da ya tsiro tsakanin layuka ka san ba naka ba ne. Yaro ma zai bi da ƙaramin kalme ya share. Irin yana shiga zurfi ɗaya, ya fito tare, ya rufe ƙasa tare, inuwarsa ta danne ciyawar da ta makara. Hatta maganin da ake fesawa kafin tsiro, irin su pendimetalin, ya fi aminci a layi, domin yana iya cutar da irin da bai rufu sosai ba. Ni dai layi nake ba da shawara, ko da a rabin gona mutum zai fara.

To amma ka tambayi maƙwabcin naka abu biyu. Na farko, yaushe ya shuka? Alkama 'yar sanyi ce. Wadda ta shiga ƙasa daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba tana samun hunturu tana yin 'ya'ya, wato tana fitar da ƙarin rassa daga gindi, alhali jiji da kiri-kiri, masu son zafi, sanyi ya rage musu ƙarfi. Mu nan sau da yawa girbin shinkafa ke jinkirta mu har Janairu, zafi ya dawo alkama ba ta rufe ba, ciyawa ta samu yadda take so. Na biyu, ya ba fangali ruwa kafin shuka? Idan ka jiƙa ƙasa ka jira kwana 10 zuwa 14, ciyawar sama za ta fito, ka kashe ta da noma mara zurfi, sannan ka shuka. Mai yafi ma zai amfana da wannan ƙwarai.

Ka duba takinka kuma. Kashin shanu da bai ruɓe ba cike yake da irin ciyawa, kuma yuriya da aka watsa kafin cira, ciyawar ce za ta fara sha.

Maganin 2,4-D yana kashe masu faɗin ganye kamar zaƙi-banza, a fesa lokacin da alkama ke yin 'ya'ya, kada a bari sai ta ɗauki ciki. Harkiya da kiri-kiri ba ya taɓa su. Jiji kuwa ko yafi ko layi ba ya jin magana, tunda ƙwayoyinsa suna ƙarƙashin ƙasa. Bayan girbi, cikin zafin Afrilu, ka kifar da ƙasar da garma ka bar rana ta busar da su, kuma ka share bakin magudanar ruwa kafin ciyawar wurin ta zubar da iri.