Kwana huɗu a gaɓar tekun Norfolk cikin hunturu: inda kwalliya ta biya kuɗin sabulu da inda ba ta biya ba

Hutun makaranta na ƙarshen shekara a Ingila mako biyu ne, amma duk mai yara uku a gida mai ɗaki biyu ya san mako biyun nan sun fi wata tsawo. A Disambar da ta wuce uwargida ta ce min, "Abban yara, ko dai ka fitar da mu ko ka dawo daga aiki ka tarar na haɗa kayana." Sai na kama mana gidan haya na kwana huɗu ta intanet, a wani ƙauye kusa da Cromer a gundumar Norfolk, tafiyar awa biyu da 'yan kai a mota daga Peterborough inda muke zaune. Abokan aikina sun yi ta min dariya, wai wa ke zuwa bakin teku da sanyi.

Gidan tsohon gini ne na duwatsun ƙanƙara irin waɗanda ake jerawa a bango a duk yankin, kuma a hoto ya yi kyau, a ido ma ya yi kyau. Matsalarsa ɗumi. Ƙauyukan nan da yawa bututun gas bai kai musu ba, da mai suke ɗumama gida, daga wani tanki a bayan gida. Daren farko na'urar ta mutu wajen ƙarfe goma. Na kira mai gidan sau uku bai ɗauka ba, sai da safe ya turo saƙo cewa mai gyara zai zo bayan azahar. Mun kwana mu biyar a ɗaki guda da rigunan sanyi, alwalar asuba kuwa da ruwan butar shayi muka yi ta. Ya rage mana kuɗin dare ɗaya ba tare da gardama ba, wannan na yaba masa. Amma da na sani, tun kafin in biya zan tambayi da me ake ɗumama gidan, kuma ko akwai murhun itace na ko-ta-kwana. Sabis ɗin waya ma sai ka tsaya jikin tagar kicin. Buta kuma ku taho da taku.

Abin da ya fi gidan tsara mana tafiyar shi ne gajartar yini. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, ta faɗi kafin huɗu saura kwata. Azahar tana shiga daf da sha biyu, la'asar wajen ɗaya da rabi, kafin ka ankara magariba ta yi. Wato salloli uku cikin awa huɗu, kuma su ne awannin da kake waje. Masallaci sai ka shiga birnin Norwich. Mun riƙa yin alwala kafin mu fito, darduma a bayan mota, mu yi salla a gefen wurin ajiye motoci. Babu wanda ya taɓa ɗaga kai ya dube mu. Wuri ɗaya a yini shi ne daidai, wanda ya tsara uku zai ƙare a duhu.

Rana ta biyu muka je Horsey, kuma saboda Horsey nake wannan rubutu. Akwai wata dabbar teku da ake kira sil, ka ɗauka kamar ayun da masunta ke labari a kogin Binuwai, sai dai ita kifi take ci, fuskarta kamar ta kare, kuma a tudu take haihuwa. Daga Nuwamba zuwa Janairu suke fitowa kan rairayin Horsey dubbai su haihu. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na irin wannan sil mai ruwan toka na duniya a gaɓar Birtaniya yake. Ba a biyan kuɗin shiga, na ajiye mota kawai. A lokacin haihuwa ba a sauka bakin ruwan, sai a bi hanya ta bayan tudun rairayi a hau inda aka kewaye da igiya a leƙa ƙasa.

Da muka hau, na fara zaton duwatsu ne aka watsa iya ganin ido. Sai dutse ya ɗaga kai ya yi hamma. 'Ya'yan farare tas, gashinsu kamar audugar da aka ɓarje, suna kuka irin na jariri har autarmu ta ja rigar uwarta ta ce, "Mama, wa ya yar da jariri?" Akwai 'yan sa-kai da ke tsaye cikin wannan iska suna tsare hanya. Wata dattijuwa daga cikinsu ta tsaya da yarana kusan minti ashirin tana musu bayani: ana haifar ɗan da nauyin kilo 14 ko kusa da haka, uwar ta shayar da shi mako uku kacal, nonon fiye da rabinsa kitse ne, har yakan ƙara kilo 2 a yini. Ita kuwa uwar ba ta cin komai duk tsawon lokacin. Ranar da ta gama sai ta koma ruwa ta bar shi, shi kaɗai zai zauna ya zubar da farin gashin, yunwa ta kora shi teku ya koyi kamun kifi da kansa. Uwargida ta ce wannan yaye ya yi tsanani, ko a ƙauyenmu ana kai yaro gidan kaka ne. Farin gashin nan ba ya hana ruwa shiga, shi ya sa ake hana mutane matsowa, don in ɗan ya firgita ya faɗa teku kafin lokaci zai iya mutuwa, ko uwar ta gudu ta bar shi. Tazarar mita 10 ake nema. Wani ɗan ya hauro har kan hanyarmu ya kwanta, dole muka yi zagaye.

Iskar wurin ba irin hunturun Kano ba ce da ke busar da leɓe. Wannan jiƙaƙƙiya ce, daga Tekun Arewa take tasowa babu abin da ya tare ta, ta ratsa riga uku ta sami ƙashi. Takalmin roba mai tsawo ya zama dole saboda taɓo, kuma keken turin jariri ba ya hawa rairayin. Mun yi awa biyu, yaran da ke faɗa kan waya a gida babu wanda ya nemi a koma mota.

Washegari mun biya kuɗin kwale-kwale daga Morston zuwa Blakeney Point, inda ya fi ko'ina a Ingila yawan haihuwar sil. Tashin jirgin da cikar teku yake tafiya, ba da agogonka ba, kuma da safe aka kira mu cewa iska ta yi yawa an fasa. Sun mayar da kuɗin a ranar. Ban ga laifinsu ba, amma kada ka gina yininka a kan jirgin ruwa a Disamba. Jirgin ƙasa mai tururi da ke tsakanin Sheringham da Holt kuwa tikitinsa ya ƙare tun kafin mu yi tunaninsa.

Sai muka ɓuge da Cromer. Gadar shaƙatawa da ta shiga cikin teku tun 1901 tana nan, da gidan wasa a kanta da tashar jirgin ceto a can ƙarshe. Minti arba'in ya ishe ta. Garin ya yi suna da ƙaguwa, amma lokacinta daga bazara ne zuwa kaka, rumfunan da yawa a rufe muka same su. Kifi da dankali muka ci, kuma sai da na yi tambaya biyu kafin in saya: da wane mai ake suya, don wasu da kitsen shanu suke yi, sannan ko akwai giya a kwaɓin fulawar. Shago na biyu ya amsa min yadda nake so. Sauran abincinmu daga gida muka taho da shi, miya a daskare da yaji da shinkafa, kuma hakan ya rage mana kashe kuɗi sosai.

Happisburgh, wanda mutanen wurin ke furtawa kamar Hezbara, mun tsaya masa ne don hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ratsin ja da fari da aka gina a 1790. Abin da ya tsaya min a rai shi ne titin da ya tafi ya yanke a bakin gaɓa, domin teku ya cinye ƙasar da gidajen da ke kanta. Wanda ya taɓa ganin zaizayar ƙasa ta ci unguwa zai gane wurin nan take.

Yammacin ƙarshe muka nufi Holkham. Titunan ƙauyukan sirara ne, babu fitila, kuma cike da laka saboda lokacin ne ake haƙar wata saiwa da ake yin sukari da ita, manyan motoci na ta jigila. Ganyen da aka bari a gonakin shi ke ciyar da dinyoyi masu jan ƙafa da ke tasowa daga Aisland da Girinland su yi hunturu a nan. Muna idar da magariba a gefen mota sai muka ji hayaniya daga sama, sahu bayan sahu suna komawa makwancinsu a bakin ruwa, har na daina ƙoƙarin ɗaukar hoto.

Za mu koma, amma ba kwana huɗu ba, kuma ba wannan gidan ba. Kwana biyu sun isa, ɗaya na Horsey ɗaya na dinyoyi, wanda ke kusa ma zai iya zuwa ya dawo a yini guda in ya yi sammako. Auta dai ta riga ta sa sharaɗi: a koma a farkon Disamba, don ta ga waɗanda aka haifa a ranar.