Kano zuwa Guangzhou: ta Addis Ababa ko ta Alƙahira?

Alhaji, ka tambaya wace hanya ce ta fi kusa daga Kano zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin, kuma awa nawa mutum zai yi. Babu jirgin fasinja da ke tashi daga filin Malam Aminu Kano ya sauka Baiyun, filin jirgin Guangzhou, kai tsaye, dole sai an canja jirgi a hanya. Da a miƙe za a bi, tazarar ba ta wuce kilomita 11,000 ba.

Ta Habasha, da jirgin Ethiopian: Kano zuwa Bole, filin jirgin Addis Ababa, wajen kilomita 3,300 ne, awa huɗu da rabi zuwa biyar. Daga Addis zuwa Guangzhou kuma kusan kilomita 8,000, awa goma ko sama da haka kaɗan. Jimilla kimanin 11,300.

Ta Masar, da EgyptAir: Kano zuwa Alƙahira kimanin kilomita 3,100, sannan wani 8,000 ɗin zuwa Guangzhou, ya kama 11,100 ke nan. In ka duba taswira sai ka ga kamar Alƙahira ta kauce arewa da yawa, amma da yake duniya kewayayya ce, ita ce ma ta fi kusa da miƙaƙƙen layi.

Bambancin kilomita 200 a jirgin da ke cin fiye da 800 a awa ɗaya bai wuce kwatan awa ba. Ni dai ba zan zaɓi hanya saboda wannan ba. Ko ta ina ka bi, zaman cikin jirgi awa 14 zuwa 15 ne. Abin da ke tsawaita tafiya shi ne jiran jirgi na biyu: wani tikitin awa uku za ka jira, wani kuma sai ka kwana. Saboda haka ka duba tsawon jiran kafin ka duba farashi. In Bole za ka zauna da dare, ka riƙe rigar sanyi a hannu, kada ta bi kaya. Garin na kan tudu ne, sama da mita 2,300, sanyinsa ba irin na Kano ba ne.

Lokacin sauka da aka rubuta a tikiti agogon garin da za ka sauka ne, kuma Sin ta riga Najeriya da awa bakwai. Shi ya sa tafiya kan yi kamar ta cinye yini guda cur, dawowa kuma ta yi kamar gajeriya, alhali a zahiri dawowar ce ta fi daɗewa a sama, musamman ta Alƙahira, don iskar da ke can sama daga yamma take kaɗawa zuwa gabas.

In baje kolin Canton, wanda ake yi a Guangzhou a Afrilu ko Oktoba, ka nufa, ka yanki tikiti da wuri, lokacin kujeru kan yi wuya.